Gardamar Inji Na Biyu: Tsimin Da Ya Bar Baya Da Ƙura

Ran 16 ga watan Fabrairu, 2011, Majalisar Wakilai ta Amurka ta kaɗa ƙuri'a, aka sami 233 da suka yarda, 198 suka ƙi, a kan a soke dala miliyan 450 da aka keɓe domin ƙera inji na biyu na jirgin saman yaƙin nan F-35. A lokacin an yi ta yabon wannan shawara, wai an toshe wata kafa ta almubazzaranci. To, amma abubuwan da suka biyo baya sun nuna cewa an yi gaggawar yabon.

Asalin maganar shi ne, a shekarar 2001 aka bai wa kamfanin Lockheed Martin kwangilar ƙera jirgin, kamfanin Pratt & Whitney kuma ya ɗauki aikin injinsa mai suna F135. Aka kuma sa kamfanonin General Electric da Rolls-Royce su haɗa gwiwa su ƙera wani injin, watau F136, domin a yi gasa. Tun daga 2006 Ma'aikatar Tsaro ta daina neman kuɗin injin na biyu, amma kowace shekara sai majalisa ta mayar da kuɗin cikin kasafi, ko da yake Shugaba Bush da Shugaba Obama duka sun nuna ba sa so.

Hujjar Sakataren Tsaro, Robert Gates, ba ta wasa ba ce. Ya ce kammala injin zai ƙara cin kusan dala miliyan dubu uku, ga kuma ɗawainiyar tara kayan gyara iri biyu da koyar da makanikai aiki iri biyu. Sai dai kuma masu goyon bayan gasa suna da tarihi a hannunsu. A farkon shekarun 1980, da injin Pratt & Whitney ya yi ta ba jiragen F-15 da F-16 matsala, sai rundunar mayaƙan sama ta shigo da General Electric, daga 1984 aka riƙa raba cinikin tsakaninsu. Kowane kamfani ya shiga taitayinsa, injunan suka ƙara inganci. Mai saye da ke da ƙofa biyu ba a ja masa rai.

Abin takaici, 'yan majalisa da yawa ba wannan ne ya dame su ba. Masana'antar General Electric tana jihar Ohio, jihar shugaban majalisar na lokacin, John Boehner; ta Rolls-Royce tana Indiana; Pratt & Whitney kuwa a Connecticut take. Saboda haka kowa ya ja zare ya mayar wajen mazaɓarsa, aka bar zancen tsaron ƙasa ana ta lissafin guraben aiki. Wannan shi ya ɓata sunan injin na biyu, har jama'a suka ɗauke shi tamkar wata ganima da ake raba wa 'yan lele. Kafin ƙarshen 2011 kamfanonin biyu suka nade tabarmarsu.

Ba a daɗe ba kuwa sai ga sakamako. A watan Fabrairu na 2013 aka hana dukkan jiragen tashi saboda an ga tsaga a cikin injin ɗaya daga cikinsu. A watan Yuni na 2014 wani ya kama wuta a sansanin Eglin na jihar Florida, aka sake tsayar da su, har suka kasa halartar bikin nunin jirage na Farnborough a Ingila. A 2018 ma, bayan wani ya faɗi a jihar South Carolina, an tsayar da su domin binciken bututun mai. Inji na biyu ba zai hana irin wannan aukuwa ba, amma da akwai shi, da wani kashi na rundunar ya ci gaba da shawagi. Ga ƙasar da ta yi niyyar sayen jirgi iri ɗaya sama da 2,400, ban da na ƙawayenta, dogara ga maƙeri ɗaya kasada ce babba.

Maganar ba ta mutu ba. An sake tayar da ita da General Electric ya fito da sabon inji, amma a 2023 Ma'aikatar Tsaro ta zaɓi a yi wa F135 kwaskwarima kawai.

Darasin a fili yake ga kowace gwamnati mai sayen makamai. Ya kamata tun ranar sa hannu a yanke shawarar ko za a yi gasa, bisa ga yawan kayan da shekarun da za su yi suna aiki, sa'an nan a tsaya a kanta. A kashe maƙudan kuɗi shekara da shekaru, sai aiki ya yi nisa a watsar, wannan asara biyu ke nan: ba kuɗin, ba injin. Wakilan jama'a kuwa, lalle ne su gane cewa kyakkyawar hujja takan lalace idan son zuciya ya riƙe ta.