SUNAN ALLAH BA KAYAN CINIKI BA NE

Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, domin gaskiya ɗaci gare ta.

Duk macen da ke shiga Kasuwar Sabon Gari ta san ba abin da ya fi rantsuwa araha a cikinta. Mai atamfa ya ce wallahi tallahi ko uwar kuɗi bai mayar ba. Ke kuma ki ce billahillazi ba ki da ko sisi bayan wannan, alhali ga kuɗi ƙulle a bakin zani. Haba jama'a! Shin mun san sunan wa muke kira kuwa?

Malaman Larabci da yawa sun ce asalin kalmar Allah daga "al-ilah" take, wato abin bauta ɗaya tilo. Wasu kuma sun ce suna ne na kansa da ba a ciro shi daga wata kalma ba. Ko wanne aka ɗauka, sunan Wanda ake ƙanƙan da kai gare Shi ne.

Hausarmu ma ba a bar ta a baya ba. Muna cewa Ubangiji, wato uban giji, kuma giji tsohuwar kalma ce ta gida, ita ce a cikin uwargijiya. Kenan duniya gida ce, Shi ne Mai gidan. To ke uwargida, za ki yarda yarinyar aikinki ta riƙa ambaton sunanki tana damfarar maƙwabta?

Ku saurari maƙwabtanmu na kasuwar. Inyamuri na cewa Chukwu, ma'ana Chi Babba. Bayarabe na cewa Olorun, Mai sama. Bahaushe Kirista kuwa Allah yake karantawa a Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932. Kowane harshe girma ya zaɓa ya ba wannan suna.

Tarihin Kano ya nuna a zamanin Barbushe, shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura. Masu bautar gunki ne fa suka tsare alfarmar abin bautarsu haka. Mu da Musulunci ya iso mana ta hannun Wangarawa tun zamanin Sarki Yaji, wajen 1349 zuwa 1385, mu ne za mu zubar da sunan Allah a kan kwanon tumatir?

Na san wata za ta ce ai bakin kasuwa ne, ba har zuci ba. E, rantsuwar da ta suɓuce ba da niyya ba, an yi mana rangwame a kanta. Wadda aka ƙulla aka karya, kaffararta ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana 3, kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta bayyana. Amma rantsuwa kan ƙarya da gangan don a ci kuɗin wani, malaman Malikiyya sun ce ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba da mayar da haƙƙi.

Abin takaicin, 'yarki na riƙe da gefen mayafinki tana ji. Gobe in ta fasa miki tangaran ta rantse ba ita ba ce, kada ki tambayi inda ta koya.

Ki yi tayi, in an sallama ki biya, in an ce albarka ki yi gaba. Ciniki ba ya bukatar wallahi.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, amin.