Kada Azuzuwa Su Sake Zama Masauki

A 2024 ambaliya ta sa gwamnatin Nijar ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, ga waɗanda gidajensu suka rushe suna kwana cikin azuzuwa. Yaranmu suka yi asarar kusan wata guda.

Mu mazauna kwarin Magiya, daga Malbaza zuwa Birnin Ƙonni, mun san unguwannin da ruwa ke ci. A ganina, tun da rani ya kamata ofishin magajin gari ya ware tudun da za a kafa tantuna, a yashe magudanai. Malamai da iyaye, mu kai wannan buƙata da kanmu, mu kuma haddatar da yara lambar 'yan kwana-kwana, 18. Ba a fafe gora ranar tafiya.