Ra'ayinmu: Guba Ba Ta Mutuwa Don Ruwa Ya Kwanta

Ranar 26 ga Afrilu, 1986, tashar lantarki ta nukiliya da ke Canobil a ƙasar Yukren ta fashe. Tokarta mai guba ta sauka a kogin Firifiyat, wanda ke zuba cikin kogin Dinifro, inda miliyoyin mutane ke samun ruwan sha da na ban ruwa.

Masana sun yi shekaru suna auna ruwan. Da farko gubar ta ragu da sauri, domin wani sashenta, ayodin-131, ƙarfinsa na raguwa da rabi cikin kwana 8. Amma siziyam-137 da sitirontiyam-90 sai sun yi kusan shekara 30 kafin rabinsu ya tafi. Siziyam ya manne wa laka, ya kwanta a gindin madatsar ruwa ta Kiyef, ya shiga naman kifi. Sitirontiyam kuwa yana narkewa cikin ruwa. Idan ƙanƙara ta narke, kogi ya cika ya mamaye fadama, sai ya wanko shi daga ƙasa, awo ya sake hawa, kamar yadda ya faru a ambaliyar 1999.

Ke nan wanda ya auna kogi sau ɗaya da rani, ya ce lafiya lau, bai faɗi gaskiya duka ba.

Maganar ta shafe mu. A Filato, haƙar kuza ta bar kududdufai da tarin yashi mai ɗauke da ma'adinin da ke fid da irin wannan tururi marar ganuwa. Bai kai na Canobil ba ko kusa, amma a nan 'yan'uwanmu ke noman rani, yara na wanka, wasu na ɗibar yashin gini.

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya ba mutum gona amana ce, ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Saboda haka muna kira ga gwamnati ta riƙa auna waɗannan ruwaye rani da damina, shekara bayan shekara, ta sanar da sakamako cikin harshen da talaka ke ji. Dattawan ikilisiya, ku tambayi hukuma, kada ku gaji. Jikokinmu za su sha abin da muka bar masu. Ubangiji ya ba mu hikima, amin.