Tsibiran Tafkin Chadi: Sai fatake sun koma kafin masu yawon buɗe ido su zo

A duk lokacin da aka taso da maganar farfaɗo da yawon buɗe ido a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, akan tuna da Tafkin Chadi da tsibiransa irin su Darak da Kofiya. Babu shakka akwai abin kallo a faɗin tafkin: ga dorinar ruwa, ga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin hunturu, ga shanun Kuri masu kaurin ƙaho da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ga Buduma masu ɗaure ciyawar ruwa su yi kwale-kwale, sannan a kan hanya ga tsofaffin garuruwan Kotoko kamar Gulfe da Makari.

Amma mu nan Briqueterie a Yawunde, da muke da 'yan uwa masu fatauci a Kuseri da Fotokol da Gamboru, mun san hanyar da baƙo zai bi ita ce dai hanyar da bandar kifi da kanwa suke bi. Jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundere, daga nan sai mota zuwa Garwa, Marwa, Mora, Waza da Dabanga, kafin a kai bakin ruwa a Blangwa.

Idan za a iya tunawa, a kusa da Dabanga ne 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a watan Fabrairun 2013, bayan sun ziyarci gandun dajin Waza. An sako su a watan Afrilu, amma tun daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke. A watan Yunin 2019 aka kai wa Darak hari, aka kashe sojoji da farar hula. A ɓangaren Chadi kuwa, an kashe sojoji sama da 90 a Bohoma a 2020, aka kuma kashe kimanin 40 a tsibirin Barkaram a watan Oktoban 2024. Ana cikin haka Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin a watan Maris na 2025.

Matsalar tsibiran nan ta girmi wannan rikici. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai da farin shekarun 1970 da 1980, masunta daga Nijeriya suka bi ruwa har Darak suka zauna. Sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, kafin Nijeriya ta miƙa yankin a watan Disamban 2003. Hatta yunƙurin da ƙasashe huɗu suka yi na shigar da tafkin cikin wuraren tarihi na UNESCO ya samu tsaiko a 2020, lokacin da Chadi ta nemi a dakata saboda binciken man fetur.

Abin lura shi ne, buƙatar ɗan yawon buɗe ido ba ta wuce ta ɗan kasuwa ba: hanya mai kyau, shingen da ba a tatsar matafiyi, jirgin ruwa mai lafiya da masaukin da za a kwana da ido biyu rufe. Muddin masunci yana biyan haraji ga masu bindiga kafin ya jefa koma, babu tallan da zai kawo baƙo.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin yankin da Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa tun 1964, da su fara da kasuwa. A gyara hanyar Mora zuwa Kuseri ta ɗore, a rage shingaye, a tsare masunta da dillalan kifi. 'Yan uwanmu na bakin iyaka kuma, duk wanda baƙo ya nemi ya yi masa jagora zuwa tsibiran, ya fara tuntuɓar hukuma da sarakunan wurin, kada kwaɗayin sefa ya sa ya jefa rai biyu cikin haɗari. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.