Mun Binne Tsakar Gida Da Ranta, Mun Sa Mata Suna Intalok

Na san da yawanku ci gaban labari kuka leƙo nema, to ku yi mini afuwa, yau wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa ita ce wannan annoba ta shafe tsakar gida da siminti da intalok tun daga bakin ƙofa har gindin katanga, wai da sunan ci gaba. Ni dai na ce ɓarna ce, kuma a gidanmu na gani, ba labari aka ba ni ba.

Gidan da muka tashi a Kano yana da mangwaro biyu, da gwaiba, da lemon tsami, da wani layin lalle a bayan ɗakin Hajiya. Rijiyarmu har maƙwabta ke ɗiba. A shekarar 2009, bayan rasuwar mahaifinmu, Yayanmu ya samu buɗi, ya ce zai gyara wa Hajiya gida. Niyyarsa kyakkyawa ce, Allah ya saka masa. Amma gyaran shi ne aka kira masu gatari suka kwantar da bishiyoyin nan cikin yini biyu, aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe, aka jera intalok ja da fari. Gwaiba ɗaya ce ta tsira a lungu, ita ma don Hajiya ta yi rantsuwa ne. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa ganin gida ana sam barka, ni ma har da ni a masu tafi, ba zan ɓoye ba.

To me ya biyo baya? Da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, tsakar gidan nan sai ta koma tanda. Siminti yana shan rana tun safe, ya riƙe, sai dare ya yi ya riƙa sako ta a hankali. Hajiya da ta saba shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro bayan azahar, sai ta koma zaman ɗaki, ga wuta ba kullum ba. Jikoki suka daina wasa a waje, don duk wanda ya faɗi sai gwiwa ta sale. Da damina kuwa ruwan da ƙasa ke shanyewa a da, sai ya haɗu da na indararo ya fita ta ƙarƙashin ƙofa da gudu, ya tsallaka lungu ya shiga zauren maƙwabcinmu, wani dattijo da gidansa ke gangare. Shekara da shekaru yana kwasar ruwanmu da bokiti, kunya ta hana shi magana.

Abin dariyar ma shi ne tsaftar da aka yi abin dominta ba ta samu ba. Ƙura da iri suna taruwa a tsakanin duwatsun, sai ga kiri-kiri da tsidau da tafasa sun ɓullo, tumfafiya ta kafa gindi a jikin katanga. Ba dama ka sa fartanya, sai dai ka tsuguna da wuƙa kana ƙwaƙule layi-layi, ko ka sayo maganin feshi ka watsa a inda yara ke rarrafe. Wani wajen ya lotsa ya zama kwatami, wani wajen saiwar gwaiba ta ɗaga shi. Zuwa 2022 gidan ya zama ba lambu ba, ba fili ba, kamar tsohuwar tashar mota da aka yi watsi da ita.

A 2023, gab da faɗuwar damina, na nemi izinin Hajiya na ɗauko lebura biyu. Da Yaya ya ji, ya kira ni ransa a ɓace.

"Yanzu kuɗin da na kashe ne za ka sa a tone? So kake a ce gidanmu ya koma ƙauye?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ka zo ka zauna a tsakar gidan nan da ƙarfe biyu na rana, minti goma kawai. In ka iya, wallahi na fasa."

Bai zo ba, bai kuma hana ni ba.

Ga abin da muka yi, ko wani zai amfana. Ba duka muka cire ba. Mun bar hanyar da mota ke bi, da siririyar hanya daga ƙofa zuwa ɗakuna da madafa da banɗaki, don kada a taka caɓi. Sauran, fiye da rabi, muka ɗaga. Abin da muka tarar a ƙasa ya ba ni tausayi: yashi da jar ƙasa sun ƙanƙare kamar dutse, ko tana ɗaya babu. Sai da aka sa diga aka fasa, aka kwashe ɓaraguzai, aka cakuɗa da takin awaki da ya kwana biyu. Duwatsun da muka cire ba mu zubar ba, da su muka yi wa kwamai baki. A ƙarƙashin kowane indararo muka haƙa rami muka cika da tsakuwa da fasassun bulo, ruwan rufi ya riƙa nutsewa a nan. Mangwaro muka dasa a tsakiya, nesa da gini da kamar taku shida, lemon tsami da gwanda a gefe, zogale a jere ta yamma, sai kwamin yakuwa da alayyahu da ɗaɗɗoya a inda ruwan alwala ke zuba. Zogale bai shekara ba ya wuce katanga. Mangwaro dai sai an yi haƙuri, ba a dasa shi yau a sha inuwa gobe. Wanda gatari ya kayar cikin awa guda, sai an yi shekaru kafin a mayar da kamarsa.

Yanzu bari mu yi lissafi, don kada a ce son rai ne. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Fulotin da muka saba, ƙafa 50 da ƙafa 100, ya kai murabba'in mita 465. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, irin wanda Agusta ke kawowa, lita sama da 23,000 ce ta sauka a gida guda, wato jarkar 'yan garuwa fiye da 900. In rufi da siminti sun mamaye fulotin, mafi yawan wannan ruwa titi zai nufa. Ka ninka da gidajen layinku. Sannan ka tuna kududdufan da ke karɓar ruwan birni an cike da yawansu an yi gini a kai, kwatoci kuma leda ta toshe. Idan ruwa ya ci gidan talaka sai mu ce ƙaddara, mu zagi gwamnati. Gwamnati na da nata laifin, ban wanke ta ba. Amma kai da ka tura wa na ƙasa da kai jarka 900 cikin dare fa? Kuma washegari kai ne za ka tsaya a ƙofa kana jiran mai kura ya sayar maka da ruwa, kana kukan rijiya ta ƙafe. Yawan burtsatse na da hannu a wannan, amma ƙasar da aka hana ta sha, da me za ta ba ka?

Na san hujjojin masu intalok, na sha jin su. Suna cewa bishiya na kawo sauro. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a kwata da tsohuwar taya da gwangwani, kuma kwatamin da lotsattsen intalok ke tarawa ya fi masa daɗi a kan ƙasar da ke shanye ruwa cikin awa kaɗan. Suna cewa maciji. Maciji duhuwa da tarin shirgi da ɓera yake bi, lambun da ake sharewa ba mazauninsa ba ne. Suna cewa saiwa na fasa gini. Wannan gaskiya ne in ka dasa darbejiya ko mangwaro a jikin bango, maganinsa tazara, ba gatari ba. Suna cewa sharar ganye. To wannan kam ba ni da amsa sai dai in ce lalaci ne, kuma ganyen nan taki ne in ka tara shi a rami.

Mu marubuta ma ba mu fita ba. Ku buɗe littattafanmu na soyayya ku gani: da zarar an tashi nuna gidan Alhaji mai kuɗi, sai maigadi ya wangale ƙofa, mota ta sulala kan harabar da aka malale da intalok, motoci shida a rumfa. Gidan su yarinya talaka kuwa shi ne mai turɓaya da bishiya a tsakiya. Shekaru muna cusa wa masu karatu cewa inuwa alamar talauci ce, ƙona alamar arziki. Yaron da ya tashi da wannan hoton, ranar da ya samu kuɗi me kuke zaton zai fara yi wa gidan ubansa?

Ku dubi 'yan'uwanmu na Nijar. Tun 1975 suka haɗa bikin 'yancin kansu na 3 ga Agusta da dashen itace. Manoman Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a gona suna yi musu aski, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Talakawa ne da adda da fartanya. Mu kuma masu boko a birni muna biyan kuɗi a sare wanda kakanni suka bar mana. Alhali mun sha ji a wajen malamai cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Ban ce kowa ya fasa gidansa ba. Na ce ka ɗaga ko da duwatsu ashirin ne, ka buɗe wa ƙasa hanci, ka sa zogale ko lemo. Mai shirin sabon gini kuma ya ja wa magini layi tun wuri.

Daminar 2024 maƙwabcinmu bai ɗauki bokiti ba. Da ƙaramar sallar 2025 Yaya ya zo gaisuwa, ya tarar da Hajiya a kan tabarma a inuwar zogale tana tsinkar yakuwa. Bai ce komai ba, amma da zai tafi sai da ya sa aka yanka masa reshen zogale uku ya jefa a bayan mota.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake. Allah ya sa mu gyara. Wassalam.