Likita Mai Zaman Kansa Da Rancen Gida

Likitan da ya buɗe asibitin kansa a Araba, bakin iyakar Illela, ba shi da takardar albashi. In ya nemi rancen gida, banki zai buƙaci bayanin kuɗin shigarsa da takardar mallakar fili mai sa hannun Gwamna. Ko Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ruwan kashi 6 cikin ɗari yake ɗorawa. Wannan riba ce, kuma Allah (T) Ya haramta ta. Akwai mafita: bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, yakan sayi gida ya bayar da ijara har ya zama mallakar mai biya. 'Yan uwa masu karatun likitanci su saba rubuta kowace naira tun yanzu. Zaman haya da halal ya fi bene da haram.