Waƙar Fim a Abu Hujar: Abin da Ɗalibin Hausa Bai Kamata Ya Raina Ba

Akwai tambayar da nakan yi wa ɗalibaina a darasin farko na nazarin waƙa: wace waƙar fim kuka fi so? Ajin yakan yi tsit, ana kallon juna, domin kowa yana zaton tarko ne. Sai an tabbatar da gaske nake sannan bakuna su buɗe. Wannan ya ce ta Nura M. Inuwa, wancan ya ce ta Umar M. Shareef, wata ta tsaya kai da fata a kan Fati Nijar. Akwai wanda ya haddace fiye da waƙa ashirin daga farko har ƙarshe. Amma idan lokacin zaɓen batun kundin digiri ya zo, da wuya a sami mai ɗaukar ɗaya daga cikinsu. Amsar kullum ita ce, "Malam, ai wannan nanaye ne."

Ra'ayina shi ne wannan raini kuskure ne, kuma harshen Hausa ne yake biyan kuɗinsa. Ban fahimci girman kuskuren a Kano ko Zariya ba, sai da na je Sudan.

Abu Hujar gari ne a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinja, cikin Jihar Sinnar. Yankin cike yake da ƙauyukan Hausawa da Fulani waɗanda kakanninsu suka taso daga yamma. Wasu hanyar Hajji ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma har zama ya kama su. Wasu kuwa hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, sai ƙwadago ya ƙara jawo wasu. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi guda a 1999 kan yadda Hausar waɗannan mutane take sajewa da Larabci.

Na sauka a yankin 'yan shekaru kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ina tattara kalmomi daga bakin tsofaffi. Hausar tsofaffin garau take, har da kalmomin da mu a gida muka daina ji. Ta jikokinsu kuwa ta sha Larabci: makaranta ta zama madrasa, mota ta zama arabiyya, ƙirga kuma da Larabci ake yin sa. Ba laifinsu ba ne, domin da Larabci suke karatu, da shi suke ciniki. Wata rana da yamma na zauna a rumfar mai cajin waya, na ga samari suna miƙa memori ana tura musu waƙoƙin finafinan Kano. Da suka ji daga Nijeriya nake, wani saurayi ya matso ya ce, "Malam, mene ne tsumayi?" Ya ji kalmar a waƙa, ya yi ta maimaita ta, bai san ma'anarta ba. Na ce masa jira ne wanda zuciya ta ƙosa a cikinsa. Kafin magariba sun tambaye ni zumuɗi da kewa da bege. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa riƙe littafin Hausa, amma ga su suna neman bambancin kewa da bege, tambayar da nake yi wa 'yan aji uku a jarrabawa.

Tun daga ranar na daina kallon waƙar fim a matsayin abin cike gurbi tsakanin fitowa da fitowa. Ga yaron Abu Hujar, ita ce Hausa ta biyu da yake ji bayan ta kakarsa, kuma ita ce take nuna masa cewa ana iya yin soyayya da ado da zamani da wannan harshe. Harshen da matashi yake ganin na tsofaffi ne kaɗai, ranar da aka binne tsofaffin za a binne shi.

Masu sukar waƙar fim suna da hujjoji, kuma bai dace a share su ba. Ta farko ita ce aro ce daga Indiya. Wannan gaskiya ne a tarihi. Gidajen silima na Kano, irin su Rex da Palace da Plaza, sun daɗe suna nuna finafinan Indiya, har muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka zama 'yan gida. Da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba tsarin saurayi da budurwa suna amsa wa juna ya shigo, fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar sauti, kuma nasarar fim ɗin Sangaya a ƙarshen shekarun 1990 ta sa furodusoshi suka gane cewa waƙa ce take sayar da kaset. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa kan wannan. Sai dai aro bai taɓa zama abin kunya a adabinmu ba. Rubutacciyar waƙar da muke alfahari da ita, daga zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u, a kan karuruwan Larabci aka gina yawancinta. Masu bege da bandiri a Kano sun ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan karin finafinan Indiya. Tambayar da ta dace da manazarci ita ce: me Bahaushe ya yi da abin da ya aro? Kuma tsarin amsa wa juna yana da saiwa a gida, domin waƙoƙin gaɗa na 'yanmata a dandali da bayarwa da amshi ake yin su, daga can ma kalmar nanaye ta fito.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: waƙar fim tana karya harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Idan mawaƙi ya fara da kiɗan da aka riga aka tsara, sannan ya cusa kalmomi a ciki, yakan ja gajeren wasali ko ya ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka. Na yarda haka yana faruwa. To amma wa ya auna? A waƙa nawa, a bakin wane mawaƙi, a wace shekara? Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa mawaƙan Hausa sukan daidaita karin sauti a ƙarshen layuka, abin da ake kira amsa-amon kari. Ko mawaƙan fim suna kiyaye shi? Kunnena yana gaya mini wasunsu suna yi, wasu ba sa yi, kuma wannan bambanci shi ne ma'aunin gwaninta. Zargi ba tare da awo ba hira ce ta bakin titi.

Hujja ta uku ita ce jigon ya ƙuntata, kullum soyayya. Ko da mun karɓi haka, soyayya fage ne mai faɗi na kalmomin zuci, waɗanda su ne suke fara ɓacewa a bakin wanda ya tashi cikin wani harshe. Sunan hatsi da na kayan noma sukan daɗe a ƙauye, amma kalmar da za a bayyana damuwar rai da ita takan koma harshen makaranta.

Akwai damuwa ta huɗu wadda ni kaina nake ɗauke da ita. Waƙar fim Kananci take yaɗawa. Idan saurayin Abu Hujar ya ɗauka Hausar waƙa ce kaɗai daidai, zai iya jin kunyar ta kakarsa, mu kuwa mu yi asarar karin harshen da ya yi sama da shekara ɗari yana rayuwa a bakin Nilu. Maganin wannan shi ne a rubuta duka biyun, a nuna masa kowace da darajarta. Yana da abin tinƙaho na kansa: A'isha al-Fallatiyya, 'yar wani malami Bahaushe, tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a Rediyon Omdurman a shekarun 1940, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974 Sudan duka ta san sunanta.

Saboda haka ga shawarata ga ɗalibi. Ka ɗauki waƙar fim ɗaya da kake so, ka rubuta ta da hannunka bisa ƙa'idar rubutu, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu. Ka sa alamar karin sauti da tsawon wasali yadda ake faɗa a magana, sannan ka saurari yadda aka rera, ka ja layi a duk inda suka saɓa. Ka ƙirga gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Ka ware kalmomin aro na Larabci da Ingilishi. Ka nemi sunan wanda ya rubuta, da wanda ya rera, da wanda ya yi kiɗa, domin sau da yawa jarumin da ya motsa baki a fim shi ake sani, mai muryar kuwa a manta da shi. Hanyoyin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa na nazarin waƙar baka, da na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na feɗe rubutacciyar waƙa, duk za su yi maka aiki, kuma inda suka gaza ɗaukar wannan sabon nau'i, nan ne gudummawarka take.

Aikin ba ya jira. Kaset-kaset na shekarun 1990 suna ruɓewa a shaguna, faya-fayan CD suna karcewa. Yaƙi ya isa Jihar Sinnar a 2024, mutane da yawa sun bar gidajensu. Nakan tuna saurayin nan na rumfar caji, in yi masa addu'ar Allah ya sa yana cikin aminci. Duk inda ya faɗa, ina kyautata zaton memorinsa yana aljihunsa, kuma ya san ma'anar tsumayi yanzu fiye da yadda na fassara masa.